Kuɗin Lekkol Ɗina a Cikin Bango

Ni ce na riƙa danna lambobin. Gara in faɗi wannan tun da fari, domin duk wanda na ba labarin nan sai ya shiga neman wanda zai zaga, wani ya zagi banki, wani ya zagi mahaifina, ni kuwa a bar ni fes kamar ba da yatsana aka yi ba. Da yatsana aka yi. Sau goma sha bakwai.

A Damagaram na yi kolej, a hannun goggona. Shekarar da na ci jarabawar ƙarshe sai na hau mota na zo Tamanrasset wajen iyayena, da niyyar in yi wata uku in koma. Akwai wata makarantar koyon aikin lafiya a Damagaram da ta ce za ta ɗauke ni, da sharaɗin in biya kason farko na kuɗi kafin a rufe rajista a watan Oktoba. Ungozoma nake so in zama. Ba wani dogon dalili, tun ina ƙarama nake sha'awar matan nan masu farar riga da ke yi wa maza tsawa a ƙofar ɗakin haihuwa, mazan su yi tsit.

Baba ya fi shekara goma a unguwar Gatalwad. Malami ne. Da yamma maginan da suka tashi daga aiki su zo zaurenmu da ƙurar siminti a gira, ya biya musu karatu, ya ja musu salla. Kuma wurinsa suke ajiya. Duk wanda ya samu 'yan dinarorinsa ya ji tsoron ɓarayi ko kame, Malam yake kawo wa. Baba yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, kuɗin kowa a ƙulle cikin tsummansa dabam, da sunan mai shi a rubuce da ajami. Bai taɓa haɗa kuɗin mutum biyu ba. Ko canji mutum ya zo nema, ba zai kwance ƙullin wani ya ba shi ba, sai dai ya aiki mai neman kanti. Yana cewa amana ba ta da ƙanwa, ba ta da ya, ita kaɗai aka haifa. Mutane suna yabon wannan hali. Ni ma ina yabo a lokacin.

Yayana shi ne babba, yana Marsai ta Faransa yana aikin gini. Shi ya ɗauki nauyin karatuna. Ya ce ya gaji da aika kuɗi ta hannun 'yan kasuwa, su yanke ɗaya cikin goma, kuma a yi wata ana sintiri ƙofar kantinsu. Sai ya aiko da katin banki ta hannun wani direba, a cikin tafin sabon takalmi. Lambar sirrin kuma ya faɗa mini ita a taksifon, wato ɗakin buga waya na bakin titinmu, ya sa na maimaita sau uku.

Ya ce, "Yuro ɗari shida na zuba. Naki ne, na lekkol, kuɗin makarantarki. Ki je ki cire."

Inji ɗaya ne a garin da ke karɓar katin waje, a jikin bangon wani banki a tsakiyar gari. Turawa masu zuwa kallon duwatsu ne suka fi amfani da shi. Rabin kwanaki a mace yake, in ka tambayi mai gadi ya ɗaga kafaɗa ya ce maka "makash", babu ke nan.

Na so in cire kuɗin duka a makon farko. Baba ya hana.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wata uku za ki yi nan. Akwatina ya cika da na mutane. In aka shigo aka kwashe fa? Bar shi can. Abin da ke cikin bango ɓarawo ba ya ganinsa."

Maganar ta yi ma'ana, na bari. Muka je dai muka gwada sau ɗaya don mu tabbata abin na aiki. Baba ya sa babbar rigarsa kamar za shi ɗaurin aure. Na sa katin, na danna, inji ya yi gurnani ya turo dinari sababbi ƙar. Baba ya ja da baya, ya yi salati, sannan ya ƙirga sau biyu. Daidai. 'Yar takardar da ta fito ma ta ce daidai. Na nemi inji ya nuna mini abin da ya rage a ciki, ya rubuto cewa ba ya yin wannan da katin waje. Ban damu ba. Me zai dame ni? Na iya lissafi.

Kafin la'asar duk Gatalwad ta ji cewa Malam yana da wani ɗan roba da ke sa bango ya yi aman kuɗi.

Wanda ya fara zuwa wani magini ne mutumin Maraɗi, dogo, mai haƙorin makka da surutu. Ƙanensa yana Faransa shi ma. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, 'yan kasuwar nan sun gama da mu. Ɗaya cikin goma, kuma da wulaƙanci. In yaro ya zuba a asusun ɗanka can, kai ka ciro mini nan, ai ka fitar da mu daga bakin kura."

Baba ya sa na kira Yaya. Yaya yana kan aiki, ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. Ya ce ba laifi, a taimaka, ya karanto lambar asusu na rubuta. Har da wata magana ya ƙara, wai "kar dai ku riƙa zuwa kullum-kullum". Na isar wa Baba. Baba ya ce gaskiya ne, yawan zuwa wurin kuɗi yana kashe zuciya. Haka muka fahimci maganar, mu biyu, da mai ajami da mai boko.

Ga yadda muke yi. Mutum ya zo ya ce ɗan'uwansa ya zuba yuro ɗari. Sai Baba ya ce ya je kasuwa wurin 'yan canji ya tambayo nawa yuro ɗari yake yau. Ya dawo ya ce dinari dubu goma sha biyu. Baba ya aika a sake tambayar wani ɗan canjin don a samu shaidu biyu. Sannan mu hau taksin haya, mu sauka bakin banki, in sa kati in danna dubu goma sha biyu. Inji ya ba da dubu goma sha biyu. Baba ya ƙirga, ya naɗe da takardar injin, ya miƙa wa mai shi. Ko kuɗin taksi ba ya bari a ba shi.

In mutum uku ne rana ɗaya, sau uku ake sa kati. Na ce masa, "Baba, mu cire gaba ɗaya mana mu raba a gida, rana na dukan mutane." Ya dube ni kamar na ce mu yi salla ba alwala.

"A haɗa na wane da na wane? Kowa da fitarsa, kowa da takardarsa."

Akwai ranar da aka aiko wa wasu 'yan'uwa biyu yuro sittin su raba. Sau biyu na sa kati, talatin-talatin. Bature na tsaye a bayanmu da ƙatuwar jaka yana huci, Baba na ƙirga kuɗi a natse yana lasar yatsa. Na ji kunya ranar, amma kunyar layi ce kawai. Ban san abin da ya kamata in ji wa kunya ba.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin watannin nan. Mata na aiko mini da dabino da turare. Magina na ba ni hanya suna cewa "madmazel mai banki". Maginin nan na Maraɗi in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "A gaida 'yar lekkol, mai magana da bango ya amsa!" Ina tafe ina wani ɗaga kai. Wawiya.

Saura mako uku in tafi, mai taksifon ya aiko a ce ana nemana a waya. Yaya ne. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Ke, me kuke yi da kuɗin nan?"

Na ce wane kuɗi, ai nawa ban taɓa ba, na mutane kawai muke cirewa.

"Naki ba ki taɓa ba? Yuro ɗari biyu da 'yan kai suka rage a asusun! Ga takardun banki a hannuna, na wata uku, yau na je na ɗauko su a tsohon ɗakina."

Na ce ƙarya ne. Wallahi haka na ce wa yayana, ƙarya ne. Ya ce in ɗauki biro. Na ari biro wurin mai taksifon, na juya bayan wani kwalin shayi, ya shiga karanto mini.

Abin da ya karanto shi ne wannan. Farashin da 'yan canji ke faɗi a kasuwa, ba shi ne farashin inji ba. Inji da farashin gwamnati yake aiki, kuma a farashin gwamnati yuro ba ya kai haka daraja. In na danna dubu goma sha biyu, inji ba ya musu, zai ba ni, amma can a Marsai ba yuro ɗari yake ɗauka ba, sai ya ɗauki ɗari da ashirin da wani abu. Bayan wannan bankin Yaya ya yanki ladansa na cewa an ciri kuɗi a ƙasar waje. Bayan wannan akwai wani yankan na kowace sa kati, ko dinari goma ka cira sai an yi shi. Duk wanda aka zuba wa ɗari ya karɓi abin da ya fi ɗari, bankuna sun ci nasu a kan kowace fita, kuma ba kuɗin kowa a ƙasan asusun da za a cike giɓin da shi sai nawa.

Na ce, "To me ya sa ba a rubuta a jikin takardar ba?"

Ya ce, "Ni na ƙera injin? Ban ce muku kar ku riƙa zuwa kullum ba?"

"Ka ce kar mu riƙa zuwa! Ba ka ce ana yanka ba!"

"Ke da kika yi lekkol ba ki san banki ba ya aikin Allah-da-Annabi ba?"

"Kai da kake zaune a gindinsu wata uku ba ka buɗe takarda ba?"

Muka yi ta yi, mitar kuɗin waya na gudu, mai taksifon ya bar abin da yake yi yana kallona ta gilashi. A ƙarshe Yaya ya ce ba shi da wani kuɗin. Wata bakwai ya yi yana tara wancan. Ya ce in ba Baba haƙuri, wai kar in gaya masa da zafi. Na kife wayar.

Da zafi na gaya masa. Na same shi a zaure shi kaɗai yana gyara alƙalami, na ajiye kwalin shayin a gabansa, na yi bayani tun daga farko. Ya saurara har na gama. Sai ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar jaka, ashe yana kwafe kowace fita a takarda da ajami, da sunan mai ita da abin da aka ba shi.

"Duba nan, Uwata. Dubu goma sha biyu muka ce, dubu goma sha biyu ya bayar. Ni na ƙirga. Ina yankan?"

"Ba a nan ake yi ba, Baba. A can ake yi."

"A yanki mutum ba a gaya masa ba? Ko ɗan kasuwa in zai ɗauki ɗaya cikin goma, a gabanka yake ɗauka, kana kallo, ka ce ka yarda."

"To wannan ba ɗan kasuwa ba ne."

Ya ce sai ya ji daga bakin masu injin. Washegari ya sake sa babbar rigar, muka shiga cikin bankin, karo na farko. Muka yi layi fiye da awa ɗaya. Ma'aikacin wani Balarabe ne mai gilashi, yana shan kofi a ƙaramin kofi. Ni ce tafinta. Na yi masa bayani da Faransanci, ya juya katin gaba da baya ya turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi.

Ya ce su ba su ɗaukar komai, bankin can ne.

Na ce farashin canjin fa?

Ya ce farashi ɗaya ne a ƙasar nan, na hukuma. Wani farashi nake nufi? Ya tsare ni da ido yana jira in ambaci kasuwar bayan fage da bakina, a cikin banki, ni baƙuwa da katin da ba sunana a kai. Na janye katin.

Baba ya taɓa ni. "Me ya ce?"

"Ya ce ba su ba ne."

"Tambaye shi, shi Musulmi ne?"

"Baba, ba zan tambaye shi wannan ba."

"To ce masa, wanda ya kafa inji a bangonsa, haƙƙinsa ne ya rubuta a jiki cewa ana yanka, don jahili irina."

Na faɗa. Mutumin ya buɗe hannuwa ya ce "Allah ghalib", irin abin da suke cewa in ba su da niyyar yin komai, ya leƙa bayanmu ya kira na gaba. Baba ya yi masa sallama cikin ladabi. Har da addu'a. Ni da na samu dutse a lokacin da gilashin nan bai kwana ba.

A cikin taksi na ce masa abin da ke raina. Mutum goma sha wani abu sun karɓi fiye da haƙƙinsu. Ba sata suka yi ba, amma rarar da suka karɓa tawa ce. Ya tara su bayan sallar magariba ya yi musu bayani, kowa ya mayar da abin da ya hau kansa. Ko rabi aka samu zan iya rajista.

Muna tsallake korin nan, busasshen rafin da ya raba unguwarmu da gari sannan ya ce, "Da hannuna na ba su, na ce wannan naku ne. Sun ci, sun aika gida. In koma in ce ashe ba naku ba ne?"

"Ai gaskiya ce."

"In na yi haka, gobe wa zai yarda da ƙullin da ke cikin akwatina? Kowa zai ce Malam bai san lissafi ba."

"Ai ba ka sani ba ɗin, Baba. Ni ma ban sani ba. Sai me?"

Direban ya waigo. Wata Buzuwa da ke gefena ta ja mayafi ta rufe baki. Muka sauka. A ƙofar gida Baba ya ce kuskurensa ne, shi zai biya ni. Na ce da me? Da sadakar Alhamis? Inna ta fito daga madafa ta ce in ban rufe bakina ba za ta rufe mini shi da muciya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Mutumin da ba ya yarda dalar wani ta kwana a tsumman wani, bai ga cewa nawa ma amana ba ne. Na gida ne. Na gida ba shi da tsumma.

Tun da ya ƙi, ni na tafi. Na samu maginin Maraɗi a wurin aikinsu, wani bene da ake ɗagawa a hanyar filin jirgi. Shi ya fi kowa karɓa, sau huɗu. Yana kan katako yana jera bulo, abokansa na miƙa masa kwaɓi.

"Kai, yau banki da kanta ta zo mana! Madmazel, an ƙara zubowa ne?"

Na ce ya sauko. Ya sauko yana share hannu. Na nuna masa kwalin, na yi bayani a hankali iyakar iyawata, wanda ba shi da yawa.

Ya ce, "Tsaya. Yaro ya zuba ɗari, ko bai zuba ba?"

"Ya zuba."

"Ɗari a kasuwa dubu goma sha biyu ne, ko ba haka ba?"

"Haka ne, amma inji…"

"Malam ya ba ni dubu goma sha biyu. To ina na ci naki? Inji ya ci. Je ki kama inji." Ya juya wajen abokansa. "Jama'a, ku ji fa. Kura ta ci akuya, an zo ana tuhumar mai ciyawa."

Suka kwashe da dariya. Wani daga sama ya ce, "A kai bangon wurin alƙali!"

Na ce, "Da ɗan kasuwa ka bi, da ya yanke maka ɗaya cikin goma kana godiya. Ko shi ɗin ka ba ni."

"Ai gudun haka na zo wurin Malam. Malam ne ya aiko ki?"

Nan ya kama ni. Na ce a'a.

"To in Malam ya ce in mayar, wallahi ko rigata zan sayar. Amma ke, 'yar lekkol, ke kika danna. Ni ko sunana ban iya rubutawa. In akwai wanda ya kamata ya sani, wane ne?"

Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa babba ba, na juya. Ina jin su suna tafa hannu har na kai titi. Mutum biyu na ƙara gwadawa. Wata mata da aka aiko wa kuɗin maganin ɗanta ta fashe da kuka ta ɗauko tukunyarta wai in je in sayar, na bar mata abinta na fito ina jin kamar ni ce azzalumar. Na daina.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. 'Yar Malam tana bin gidaje tana karɓar kuɗin da ubanta ya bayar. Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ya daina dai kirana Uwata, ya koma "ke".

Kwana biyu bayan haka wani saurayi ya zo zaure, wai an zuba masa hamsin. Ina jin su daga tsakar gida. Na ji Baba yana cewa a je a tambayo 'yan canji. Na fito ba ko mayafi, na ce ba inda za a je. In yana son kuɗinsa zan ciro masa a farashin inji, a cire ladan banki, abin da ya rage shi ne nasa, kuma daga shi an rufe. Saurayin ya dubi Baba. Baba ya dubi tabarma. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro katin ya ajiye a ƙasa, bai miƙa mini ba, ya ce da yaron, "Nata ne. Yadda ta ce."

Na ba saurayin nasa, ya karɓa yana ƙunƙuni cewa gara 'yan kasuwa. Sauran na cire duka. Inji ba ya ba da kuɗi mai yawa a fita ɗaya, sai da na sa kati sau biyu, ina sane wannan karon cewa kowace sawa ana yanka ta. Daga nan na wuce kasuwa, domin makaranta sefa take karɓa, ba dinari ba. Ɗan canji ya sayi dinarina a farashin kasuwa. Wato inji ya sayar mini da dinari da tsada, kasuwa ta saye shi da araha, duk a yini ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti goma. Yuro ɗari shida ɗin Yaya, na wata bakwai a kan bene cikin sanyi, ya dawo jika ɗari da 'yan kai, wato sefa dubu ɗari da ɗoriya, a tafin hannuna. In na cire kuɗin mota daga nan zuwa Arlit, zuwa Agadas, zuwa Damagaram, abin da zai rage bai kai rabin kason farko ba.

Yaya ya sa aka kashe katin. A unguwa aka ce ni na toshe rijiyar da kowa ke sha. Matan da ke aiko mini dabino suka daina amsa gaisuwata da kyau.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce makaranta ai mutane ne, ba inji ba, za a iya yi musu magana. Ana saura kwana huɗu a rufe rajista na shiga taksifon na kira buron makarantar, wato ofishinsu. Sai a kira na uku aka ɗauka. Wata mata ce, ana jin tana cin wani abu. Na faɗi sunana, ta ce e, ga shi a jeri. Na ce ina da kashi ɗaya cikin uku na kason farko, in an yarda in kawo shi yanzu, sauran kafin ƙarshen shekara. Na fara ba ta labarin katin. Ta katse ni.

"'Yata, ni ba ni da ikon wannan. Akwai mutum ashirin a jerin jira, kowa da kuɗinsa a hannu. Kina da shi cikakke ko babu?"

Na ce babu.

"To sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Na tsaya da kan waya a kunne bayan ta ajiye, ina kallon mita. Na biya na fito. Ban hau taksi ba, da ƙafa na tafi, ta cikin korin, rairayi na shiga takalmina. Baɗin da ta ce bai zo mini ba. Yaya ya faɗo daga kan katako a hunturun nan, ya yi wata biyar ba aiki, daga baya kuma ya yi aure. A taksifon ɗin nan na samu aiki, ina karɓar kuɗin waya daga mutanen da na cirar wa kuɗi, ina ba su canjinsu daidai.

Amma ranar ban san wannan duka ba. Na san dai an ce babu. Na iso gida ana shirin la'asar. Baba na zaune bakin zaure da buta, ya naɗe hannun riga. Kwana goma ke nan bai yi mini magana mai tsawo ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Uwata, me suka ce?"

"Sun ce sai da kuɗi cikakke."

Ya sunkuyar da kai. Ya zuba ruwa a tafin hannu, ya bar shi ya zube bai wanke komai ba. Sannan ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Inna na tsaye a ƙofar tsakar gida da tire a hannu. Ta ce amin, ta dube ni. Baba ma ya jira. Tun da na iya magana ban taɓa barin addu'arsa ta faɗi ƙasa ba. Na cire takalmina, na kakkaɓe rairayin a jikin bango, na raɓa ta gefensa na shige ciki.